Idan kamfanonin jirgin sama biyu suka haɗe, wa ke samun hutun Sallah?

A wata majalisar ataya da ke unguwar Nima a Accra, wani dattijo ya kawo ƙorafin ɗansa da ke tuƙa jirgin sama a ƙasar waje. Kamfaninsu ya haɗe da wani, an kawo sabon tsarin raba aiki, yaron kuma ya ce masa, "Baba, bana ba zan yi alkawarin zuwa Sallah ba, sai abin da kwamfuta ta ba ni." Alhaji ya ɗauka wayon 'ya'yan zamani ne. Ni kuwa na ce masa wannan karon da gaskiyar yaron. Ga tambayoyin da aka yi ta jefowa a zaman, da abin da na amsa.

Wai matuƙi ba shi ke zaɓar ranar tafiyarsa ba?

Yana nema ne, ba ya zaɓa. Kamfani kan ɗaure tashin jirage cikin ƙunshi: ka tashi daga gida, ka kwana a wani gari ko biyu, ka dawo inda ka fara bayan kwana uku ko huɗu. Waɗannan ƙunshin ake rabawa matuƙa kowane wata. A kamfanonin Amurka, irin Delta da United da ke sauka a Accra, lamba ɗaya ce ke jan ragamar rabon: matsayinka a jerin daɗewa a kamfanin.

Lamba ɗaya kawai?

Ita ce komai. Ita ke cewa yaushe mataimaki zai zama kyaftin, wane irin jirgi zai tuƙa, a wane gari zai zauna, da kuma ko zai yi hutu a Disamba ko sai lokacin da kowa ya ƙi. Na ƙasan layi su ne 'yan jiran ko-ta-kwana, waya a hannu, ana iya kiransu da asuba. Lambar kuma ba ta bin mutum. Kyaftin mai shekara 20 a sama in ya koma wani kamfani, daga ƙasa zai fara kamar ɗan jiya.

To idan kamfanoni biyu suka zama ɗaya, ya ake yi da layi biyu?

Nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya san tashar trotro, motocin haya na Gana, ya san darajar layin lodi. A ce an haɗa tashar Nima da ta Mamobi, an ce direbobi su yi layi ɗaya. Tsofaffin tasha guda za su ce a bi ranar da kowa ya fara aiki. Na ɗayar za su ce, "Taku tashar ta kusa mutuwa muka haɗu, rabin motocinku suna fake, don me za ku hau kanmu?" Kowa da hujjarsa, kuma babu mai ƙarya.

Haka ta faru lokacin da US Airways da America West suka haɗe a 2005. Matuƙan US Airways sun fi daɗewa, amma kamfaninsu ya shiga fatarar kuɗi sau biyu, da yawansu kuma an tura su gida jiran kira. Na America West sababbi ne, amma kowa na bakin aikinsa. A 2007 mai sasanci George Nicolau ya fitar da jerin da ya cuɗa su, bai bi ranar ɗaukar aiki zalla ba. Tsofaffin suka fusata, suka kafa tasu ƙungiyar, suka fice daga ƙungiyar matuƙa ta ALPA a 2008, aka shiga zaryar kotu. Jiragen fenti ɗaya, suna ɗaya, amma matuƙan ɓangarorin biyu ba sa zama kujerar tuƙi tare. Ba a samu jeri guda mai aiki ba sai 2016, bayan American Airlines ta haɗe da kamfanin a 2013.

Kafin nan, sayen kamfanin jirgin TWA da American ta yi a 2001 ya bar tabo, don an liƙa matuƙan TWA da dama a can ƙasan jeri. Shi ya sa majalisar Amurka ta yi dokar McCaskill-Bond a 2007, wadda ta ce dole a haɗa jeri bisa adalci, in an kasa daidaitawa a je gaban mai sasanci. Delta da Northwest sun ɗauki darasi: sun gama yarjejeniyar aiki guda da matuƙansu tun kafin a kammala haɗewar a Oktoban 2008, jerin ya fito kafin shekarar ta ƙare.

Ina ruwan kwamfuta a ciki?

Ita ce ke mayar da lamba ta zama rayuwa. A tsohon salo, kamfani ke tsara jadawalin wata guda-guda tun farko, matuƙi ya duba ya jera waɗanda yake so, na sama ya fara ɗauka. Kamar kayan gwanjo ne a kasuwar Kantamanto: abin da ka gani shi za ka saya.

Sabon salon, wanda matuƙa ke kira PBS, ya fi kama da tela. Ba ka ganin riga, awo kake bayarwa: ina son hutu ranar Juma'a, ba na son tashin asuba, ina son kwana a Accra. Manhajar ta bi jerin daɗewa tana ɗinka wa kowa nasa daga yadin da ya rage. Amma tana da umarnin da ya fi naka ƙarfi, wato kada jirgi ko ɗaya ya rasa matuƙi. In ta ga ranar biki za ta kasance babu mutane, sai ta take buƙatarka ko da kana tsakiyar layi.

Wahalar masu sabon shiga ita ce manhajar ba ta san nufi ba, abin da ka rubuta take bi. Wanda ya sa "kwana a Accra" sama da "hutu ranar Juma'a" zai iya samun Accra ya rasa kowace Juma'a ta watan. Akwai kuma wata asara da ba a cika faɗa a fili ba. A tsohon salo, mai wayo kan zaɓi jadawalin da ya ci karo da hutunsa na shekara, tafiye-tafiyen su faɗi, hutun mako guda ya miƙe. PBS tana saka hutu da horo tun farko ta gina aiki a kewayensu. Dalilin da kamfanoni ke son ta ke nan: matuƙa kaɗan, aiki iri ɗaya.

Ba za ta ɗora wa mutum aikin da zai sa shi gyangyaɗi a sama ba?

Doka ta yi mata shinge. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka mutu, Amurka ta sabunta ƙa'idar hutu, ta fara aiki a Janairun 2014: hutun awa 10 kafin kama aiki, tuƙi kada ya wuce awa 100 cikin kwana 28, ko awa 1,000 a shekara. Matuƙi kuma yana da ikon cewa ya gaji, a sauke shi. Sai dai jadawali na iya cika doka ya kuma hana ka ganin 'ya'yanka a farke.

Ta taɓa yin kuskure?

Sosai. A Nuwamban 2017 wata tangarɗa a manhajar American ta bai wa matuƙa da yawa hutun ƙarshen Disamba lokaci guda. Ƙungiyarsu ta ce kimanin tashi 15,000 ba su da cikakkun matuƙa, sai da kamfani ya ƙara kuɗi aka lallaso su. Southwest kuwa, a Disamban 2022, guguwar sanyi ta rikita tsarinta har ba ta san inda ma'aikatanta suke ba. Ta soke tashi kusan 16,700, aka ci ta tarar dala miliyan 140.

Mu a Gana abin ya shafe mu?

Ghana Airways da Ghana International Airlines rushewa suka yi, ba haɗewa ba. Africa World Airlines da PassionAir da ke zirga-zirgar Kumasi da Tamale ƙanana ne in an gwada da waɗancan. Inda abin ke taɓa mu shi ne ranar da fasinjan New York ya ji an ce babu matuƙa, da kuma gidajen Zango masu 'ya'ya a wannan aiki.

To, yaron Alhaji zai zo Sallah ko a'a?

Ya danganta da inda sabon jeri ya ajiye shi. Sannan ga wata matsala tamu ta kanmu: ana rufe neman jadawali tun wajen tsakiyar watan da ya gabata, ranar ƙaramar Sallah kuwa sai an duba wata, ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya sanar. Dole yaron ya nemi kwanaki biyu na shakka, ya ƙara da na zuwa da na komawa, ya sa su a saman duk buƙatunsa, ya haƙura da sauran watan. Abu guda ke taimakonsa: abokan aikinsa Kirsimeti suke kokawa a kai, ba Sallah ba. In manhajar ta hana shi, akwai musayar tafiya tsakanin matuƙa, sai ya nemi wanda zai karɓar masa, shi kuma ya biya bashin a Disamba.

Alhaji ya ce in haka ne a gaya wa yaron ya fara neman mai karɓar tun yanzu, kuɗin ɗinkin 'yan ƙannensa kuma ya turo ta MoMo, wannan ba ya jiran kwamfuta.