Waya, Aikin Makaranta da Ziyarar Gidajen Tarihi: Tambayoyi da Amsoshi

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kan kwamfuta gaba ɗaya, iyaye da malamai suka fahimci cewa ɗalibin da bai saba da na'ura ba yana cikin haɗarin a bar shi a baya. Rufe makarantu da annobar korona ta jawo a 2020 ya ƙara tura darussa zuwa rediyo da talabijin da wayar hannu. Wannan ya sa wasu suka fara ganin tsohuwar al'adar ɗaukar ɗalibai a mota zuwa gidan tarihi ko gidan namun daji a matsayin ɓata lokaci da kuɗi. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda ake yawan ji a kan wannan batu, kuma an ɗauki birnin Kano a matsayin babban misali wajen amsa su.

Tunda yaro zai iya karanta bayanin gidan tarihi a waya, me ya sa za a kashe kuɗin mota a kai shi can?

Domin akwai ilimin da fuskar waya ba ta iya ɗauka, komai kyawun hoton da ke cikinta. Ɗalibi zai iya karanta cewa Gidan Makama yana kusa da Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, cewa tarihinsa yana komawa ga zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma yanzu yana ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Duk wannan gaskiya ne, kuma minti biyu sun isa a same shi. Amma yaron da ya sauko daga mota da tsakar rana a watan Afrilu, gumi yana keto masa, ya sa ƙafa cikin zauren gidan ya ji sanyi ya ratsa shi alhali babu fanka babu na'urar sanyaya ɗaki, ya riga ya yi karo da tambayar da babu wanda ya tilasta masa yin ta: me ya sa nan ya fi ajinmu sanyi? Idan malami ya sa shi ya auna kaurin bangon da taƙin hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi yadda aka ɗaura azara aka lanƙwasa ta ta zama bakan gizo mai riƙe da rufin soro, to darasin zafi da sanyi da na nauyi da ma'auni sun shiga kansa ta hanyar da ba zai manta ba.

Haka abin yake game da girma. A waya, tsohon ƙyauren ƙofar gari da ƙaramar tukunyar ƙasa duk faɗinsu ɗaya, wato faɗin tafin hannu. Sai yaro ya tsaya a gaban ƙyauren ya ga ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, sannan zai gane abin da ake nufi da cewa a da ana rufe birni da daddare, kuma ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu tsaro ce ta gaske. A ganina wannan shi ne dalili mafi ƙarfi, kuma shi kaɗai ya isa a ci gaba da kai yara.

To a ina waya da kwamfuta suke da amfani a cikin wannan aiki?

Amfaninsu ya fi yawa kafin a tafi da kuma bayan an dawo. Mako guda kafin ziyara, malami zai iya buɗe taswirar birnin a kwamfuta ko a waya, ya nuna wa ɗalibai Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da fadar sarki da karofin Ƙofar Mata, ya sa su bi sawun ganuwa su ga inda ta rage da inda gidaje da tituna suka cinye ta. Idan Gidan Ɗan Hausa za a je, sai su fara sanin cewa mai wannan laƙabi shi ne Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a unguwar Nasarawa ta Kano a 1909, domin yaron da ya san haka zai shiga gidan da sanin cewa yana tsaye a ɗaya daga cikin wuraren da karatun da yake yi ya samo asali a Arewa. Kowane rukuni ya fita da tambayoyi uku ko huɗu a rubuce, waɗanda bincikensu na intanet bai amsa ba.

A lokacin ziyarar kuwa, gwargwadon ƙarancin wayoyi gwargwadon kyawun aikin. Waya ɗaya ta isa rukunin yara biyar ko shida: ɗaya yana ɗaukar hoto, ɗaya yana naɗar muryar jami'in da ke yi musu bayani idan ya amince, sauran suna rubutu da zane a littafi. Zanen yana da muhimmanci ƙwarai, saboda wanda zai zana sulke ko linzamin doki dole ne ya dube shi da kyau, alhali mai ɗaukar hoto yana iya danna waya ya wuce ba tare da ya ga komai ba. Bayan an dawo ne na'ura take sake karɓar aiki, inda za a tace hotuna, a saurari muryar da aka naɗa, a buga rahoto, a gabatar da shi a gaban aji.

Yara da yawa suna kwafo aikin gida daga intanet, wasu kuma suna sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira su rubuta musu. Ziyara za ta iya magance wannan?

Za ta rage shi sosai, matuƙar malami ya sauya irin tambayar da yake bayarwa. Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, aiki irin na "rubuta tarihin Gidan Makama" ya zama abin da na'ura take gamawa kafin yaro ya gama fiƙe fensir, kuma abin damuwa shi ne irin waɗannan manhajoji sukan kawo suna ko shekara da ba daidai ba cikin lafazi mai gamsarwa, musamman a kan tarihin garuruwanmu da ba a yi rubutu mai yawa a kansa a intanet ba. Amma idan aka ce wa ɗalibi ya zaɓi abu ɗaya da ya gani da idonsa, ya faɗi ɗakin da yake, ya kwatanta shi, ya kawo abin da jami'in gidan ya ce a kansa, sannan ya je gida ya tambayi kakarsa ko ta taɓa amfani da irinsa da kuma sunan da suke kiransa, babu manhajar da za ta yi masa wannan.

Akwai ma hanyar da za a mayar da matsalar ta zama darasi. A sa ɗalibai su tambayi manhajar kafin tafiya, su ajiye amsarta, sannan su gwada ta da abin da ke rubuce a jikin allunan gidan tarihin da abin da masana wurin suka faɗa. Duk inda aka sami saɓani sai a tattauna wanda ya fi cancanta a yarda da shi da kuma dalili. Ɗalibin da ya taɓa kama na'ura da kuskure da kansa ba zai sake ɗaukar duk abin da ta faɗa a matsayin yankan wuƙa ba, kuma wannan tarbiyya ce da za ta amfane shi har a kan labaran da ake turo masa ta WhatsApp.

Wuraren shaƙatawa da gidajen namun daji fa? Ba wasa kawai yara suke zuwa yi ba?

Wasan ma yana da nasa amfani ga yaron da ya tashi a lungun da babu filin da zai yi gudu, amma waɗannan wurare azuzuwan kimiyya ne a buɗe. A Gidan Zoo na Audu Bako da ke Kano, ko a Millennium Park da ke Maitama a Abuja wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, itatuwa da tsuntsaye kaɗai sun isa aikin zango guda. Akwai manhajoji irin su PlantNet da iNaturalist da ke ƙoƙarin gane tsiro ko ƙwaro daga hotonsa, su ba da sunansa na kimiyya. Abin da ba kasafai suke bayarwa ba shi ne sunansa na Hausa da amfaninsa a wurin mutanenmu, kuma nan ne aikin ɗalibi yake: ya haɗa sunan da manhaja ta ba shi da wanda mai kula da lambu ko dattijon unguwa ya faɗa masa, ya bambance maɗaci da darbejiya, ya san tsamiya da kuka tun daga ganye da ɓawo.

Misali mai kyau shi ne gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya fitar da sabo da rani, saɓanin yawancin itatuwa. Ajin da ya ɗauki hoton gawo guda a watan Agusta, ya sake ɗaukarsa a watan Janairu daga wuri ɗaya, ya jera hotunan biyu, ya sami hujjar da ya tattara da hannunsa, kuma daga nan malami zai iya bayyana dalilin da ya sa manoma suke barin gawo a tsakiyar gona ba sa sare shi. Irin wannan aiki na bin sauyi a tsawon watanni shi ne inda kyamarar waya ta fi littafi, domin tana riƙe ranar da aka ɗauki kowane hoto.

A Yamai, babban birnin Nijar, an haɗa gidan tarihi da gidan namun daji wuri guda. Gidan tarihin ƙasa na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana da ɗakunan kayan tarihi da sashen namun daji da rumfunan masu sana'ar hannu, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka haƙo a Sahara, akwai kuma ragowar shahararriyar bishiyar Tenere da mota ta buge a 1973.

Shin ziyara ta intanet ba za ta wadatar ba?

Tana da matsayinta idan wurin ya yi nisa ko kuma kayan ba sa ƙasar ma baki ɗaya. Ɗalibi a Kano ba zai samu zuwa Landan ko Balin ba domin ya ga kayan tagulla da sojojin Birtaniya suka kwashe daga Masarautar Benin a 1897, amma shafin Digital Benin da aka buɗe a 2022 ya tattaro hotuna da bayanan fiye da kaya dubu biyar da ke warwatse a gidajen tarihi na ƙasashe ashirin. Shafin Google Arts & Culture ma yana ba da damar leƙa ɗakunan gidajen tarihi da dama na duniya. Haka kuma makarantar da ba za ta iya kai yara Jos su ga gumakan yumɓu na Nok ba, ko Yobe domin kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 wanda shekarunsa suka kai kimanin dubu takwas, hoto mai kyau ya fi babu. Abin da ba shi da hujja shi ne makaranta tana cikin birnin Kano ko Katsina ko Kaduna, gidan tarihi yana nisan tafiyar Adaidaita Sahu ɗaya, sannan a wadatu da nuna wa yara hotonsa.

Makarantar da ba ta da kwamfuta, ga tsadar data da rashin wutar lantarki, yaya za ta yi?

Yawancin abin da aka bayyana a sama wayar malami ɗaya za ta iya yin sa. Ɗaukar hoto da naɗar murya ba sa cin data. Taswira ana iya sauke ta a ajiye a waya a yi amfani da ita ba tare da intanet ba, kuma manhajar Kiwix tana ba da damar ajiye Wikipedia a karanta ta a haka. Makarantun karkara da ke nesa da kowane gidan tarihi kuwa suna da kufai da tsohuwar rijiya da maƙera da masaƙa, da tsofaffin da suka san tarihin kafuwar garin, kuma naɗar muryar irin waɗannan dattawa aiki ne da ya fi gaggawa, domin ginin ƙasa yana iya jiran baɗi, amma dattijo ɗan shekara tamanin ba lallai ne ya jira ba.

Waɗanne ƙa'idoji ya kamata a kiyaye wajen ɗaukar hoto da yaɗa shi?

A nemi izini tun daga ƙofa, domin wasu gidajen tarihi suna hana ɗaukar hoto a wasu ɗakuna ko suna karɓar kuɗi a kansa, kuma hasken kyamara mai walƙiya abu ne da masu kula da tsofaffin takardu da tufafi ba sa so. Kada a taɓa kayan da aka baje, kada a jingina da su domin hoto. Masu sana'a irin marinan Ƙofar Mata mutane ne da ke bakin aikinsu, don haka a koya wa yaro ya yi sallama, ya gaishe su, ya ce "Baba, ko za ka ba mu izini mu ɗauki hoton aikinka?" kafin ya ɗaga waya.

Batun da aka fi sakaci da shi shi ne hotunan yaran kansu. Bai dace makaranta ta watsa fuskokin ɗalibai a Facebook ko TikTok tare da sunan makarantar da wurin da suke ba, sai da amincewar iyaye, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 wadda ta ɗora nauyin neman wannan amincewa idan abin ya shafi ƙananan yara. Wasu iyaye suna hana 'ya'yansu mata zuwa irin wannan tafiya saboda tsoron ganin hotonsu yana yawo, don haka makarantar da ta bayyana ƙa'idarta a cikin takardar neman izini, ta kuma sanya malamai mata cikin 'yan rakiya, za ta ga 'yan matan da ake bari su je sun ƙaru.

Bayan an ba da maki, ina aikin yaran zai tafi?

Galibi a cikin kabad ɗin ofishin malamai yake ƙarewa, kuma wannan asara ce. Duk wanda ya taɓa neman bayani da Hausa a intanet a kan ƙofofin Kano ko Hasumiyar Gobarau ko fadar Sarkin Damagaram ya san yadda rubutun yake da ƙaranci idan aka gwada da na Turanci ko Faransanci. Makaranta za ta iya ajiye mafi kyawun rahotanni da hotuna da muryoyi a babban fayil ɗaya da ake ƙara wa kowace shekara, ta yadda ajin baɗi zai fara daga inda na bana ya tsaya, ya kuma ga ko bangon da aka ɗauka bara ya tsage ko an yi masa yaɓe. Ɗaliban babbar sakandare, da jagorancin malami, suna iya ɗora hotunan gine-gine da itatuwa a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia take amfani da su, tare da bayani da Hausa, su kuma gyara ko su faɗaɗa muƙalolin Wikipedia ta Hausa, bisa sharaɗin cewa duk abin da za su rubuta a can yana da madogara a littafi ko wata rubutacciyar majiya da wani zai iya dubawa. Yana da kyau kuma a miƙa kwafin aikin ga jami'in da ya zagaya da yaran, domin ya gyara duk sunan da aka ji ba daidai ba kafin a ɗora shi a ko'ina.