Zarce wa'adin biza: me ake nufi da shi, kuma ana iya komawa bayansa?

"Na taɓa wuce kwanakina a can, yanzu ina so in koma ziyara, za su bar ni?" Wannan tambaya ta yawaita a bakin mutanenmu, kuma yawanci a ɓoye ake yin ta, domin mai yin ta yana jin kunya. Abin da jami'an shige da fice ke kira zarce wa'adi shi ne mutum ya shiga ƙasa ta ƙofar halal, da bizarsa da fasfonsa, sannan ya ci gaba da zama bayan ranar da aka yanka masa ta fita. Ya bambanta da wanda ya tsallaka iyaka a sace, amma shi ma yana da hukuncinsa, kuma hukuncin kan bi mutum har gida.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne wace rana ce ake ƙirgawa. A Amurka, ranar da ke rubuce a jikin biza ba ita ce ranar fita ba. Biza izini ne na zuwa bakin ƙofa kawai. Jami'in da ya tarbe ka a filin jirgi shi ne ke yanke tsawon zamanka, ya shigar da shi a takardar da ake kira I-94, wadda yanzu a intanet ake duba ta. Mai ziyara yawanci wata shida ake ba shi, wani lokaci ƙasa da haka.

Mu ɗauki misalin dattijuwar da ta je taya 'yarta zaman jego. Tana da bizar shekara biyar, irin wadda Amurka ta fara bai wa 'yan Najeriya a 2023 kafin ta mayar da ita ta wata uku, shiga ɗaya, a watan Yulin 2025. Jika ya shiga ranta, 'yar ta koma aiki, babu mai reno, sai aka ce, "Mama, ki ƙara zama mana, ai bizarki da saura." Bizar da saura, gaskiya ne, amma wa'adin I-94 ya riga ya cika. Daga washegarin ranar, dokar Amurka ta ɗauki bizar nan a matsayin wadda ta mutu, ko da kwana ɗaya aka ƙara. Irin wannan ne ya fi ba ni tausayi, domin babu mugun nufi a ciki, rashin sani ne. Da an cika takardar neman ƙarin lokaci, I-539, kafin wa'adin ya ƙare, da maganar ta zama daban.

Daga nan sai ƙidayar kwanaki. Wata doka da Amurka ta kafa a 1996 ta ce wanda ya zauna ba bisa ƙa'ida ba fiye da kwana 180 amma bai kai shekara ba, ya fita da ƙafarsa, ba zai sake shiga ba sai bayan shekara 3. Wanda ya cika shekara ko ya haura, shekara 10 ce. Haramcin yana fara aiki ne ranar da mutum ya bar ƙasar. Kwanakin da yaro ya yi kafin ya cika shekara 18 ba a lissafa su. Wanda bai kai kwana 180 ba babu haramcin a kansa, sai dai dole ya nemi sabuwar biza, kuma a ƙa'ida a ƙasarsa zai nema, wato ɗan Najeriya Abuja ko Legas zai nufa.

A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Ƙarewar shekarun haramci ba ta nufin an yafe, ba ta kuma nufin an goge sunan. Abin da take nufi kawai shi ne yanzu kana da damar nema. A dokar Amurka, sashe na 214(b), duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne har sai ya gamsar da jami'i cewa zai dawo gida. To, wanda ya taɓa alkawarin dawowa bai cika ba, aikin gamsarwar ya ninka a kansa. Ana iya ba shi, ana ba wasu, amma sai jami'in ya ga cewa rayuwarsa ta sauya: aiki tsayayye, iyali, kasuwanci, tafiye-tafiye zuwa wasu ƙasashe da ya je ya dawo a kan lokaci. Akwai kuma sassauci na musamman da ake iya nema tun haramcin bai ƙare ba, sai dai alfarma ce da hukuma ke yi idan ta ga dama. Ko an samu bizar ma, jami'in filin jirgi yana da ikon mayar da mutum.

Birtaniya tana duba yadda ka fita. Wanda ya zarce fiye da kwana 30 ya kuma sayi tikitinsa ya tafi, haramcin wata 12 ne a kansa. Idan da kuɗin gwamnati aka kai shi gida, shekara 2 ko 5. Idan tasa ƙeyarsa aka yi, shekara 10. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen kuwa kwana 90 suke bai wa baƙo a cikin kowane kwana 180, kuma tun Oktoban 2025 suka fara maye gurbin hatimin fasfo da na'urar ɗaukar hoton fuska da yatsu, wadda ke ƙirga kwanakin da kanta.

Mu Hausawa dai Saudiyya ce muka fi sanin wannan magana a cikinta. Kowa ya san kalmar takari, ya san wanda ya tafi Umara ya zauna babu iƙama, ya san labarin tarhil da sansanin Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda. A 2025 ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya ta sanar cewa wanda ya zarce wa'adin bizarsa zai iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a kore shi. Wanda ya zarce wa'adi kuma aka kama shi yana neman yin aikin Hajji babu izini, shekara 10 ba zai sake shiga ƙasar ba. Shekara goma ba tare da ganin Ka'aba ba babban rashi ne ga Musulmi, balle wanda girma ya fara kama shi. Wani lokaci akan buɗe ƙofar afuwa, kamar a 2013 da kuma Maris na 2017, inda aka ce masu zaman ba bisa ƙa'ida ba su fita da kansu babu tara, kuma za su iya dawowa ta hanyar da ta dace. Waɗanda suka amsa kiran sun tsira da damar komawa.

Akwai shawarar da wasu dillalan biza ke bayarwa wadda nake roƙon kowa ya guje mata: a sake fasfo, a sauya suna ko ranar haihuwa, a amsa "a'a" inda takarda ta tambaya ko ka taɓa zarce wa'adi. Takardar neman bizar Amurka, DS-160, tana yin wannan tambaya ƙarara, kuma kafin ka zo gaban jami'i bayanan shigarka da fitarka suna cikin kwamfutarsa. Suna yana sauyuwa, zanen yatsa ba ya sauyuwa. Zarce wa'adi laifi ne mai iyaka, shekara 3 ko 10. Ƙaryar da aka yi da gangan don samun biza kuwa haramcin har abada take jawowa a Amurka, a Birtaniya kuma shekara 10. Dillalin ya karɓi kuɗinsa ya wuce, kai ne za ka ɗauki nauyin.

Abin ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Lokacin da Amurka ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga a watan Yunin 2025, dalilin da ta bayar game da Chadi shi ne yawan 'yan ƙasar da ke zarce wa'adi. Ɗalibi da ɗan kasuwa da marar lafiyar da ba su taɓa taka ƙasar ba duk abin ya shafe su.

Wanda ke shirin sake nema, ya fara da tantance ranar da wa'adinsa ya cika da ranar da ya fita, ya ƙirga kwanakin da ke tsakani ɗaya bayan ɗaya. Ya adana tsohon fasfo, da tikitin jirgin da ya dawo da shi, da takardun asibiti idan jinya ce ta riƙe shi. Idan kwanakin sun haura 180, ko kuma kotu ce ta ba da umarnin fitar da shi, ya nemi lauyan da ya san dokar shige da fice ta ƙasar kafin ya biya kuɗin biza, domin kuɗin ba a mayarwa idan aka hana.