Gurɓataccen man fetur da illarsa ga injin mota

Gurɓataccen fetur shi ne duk man da ya gaza cika ƙa'idojin da aka ƙera inji a kansu. Wani tun daga matata yake fitowa da aibi, wani a hanya yake kwasar ruwa da datti tsakanin jirgin ruwa, defo, tanka da tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai, wani kuma da gangan ake yi masa algus don a kumbura yawansa. Illarsa ga inji iri biyu ce. Akwai ta nan take, wadda direba zai gani tun bai yi nisa da gidan mai ba: mota ta riƙa fizga, ta rasa ƙarfi, ko ta mutu. Akwai kuma ta sannu a hankali, wadda ke cin fistin, bawul, famfon mai da na'urorin hayaƙi tsawon watanni, har a ƙarshe a ɗora wa motar laifi a ce ba ta da ƙarko. Wannan ta biyun ita ce mafi tsada, kuma ita ce mafi wuyar tabbatarwa.

Abin da inji ke nema a jikin fetur

Fetur gauraye ne na ɗaruruwan sinadarai da ke tafasa a zafi daban-daban, daga kimanin digiri 30 zuwa 210 a ma'aunin Selshiyos. Masu sauƙin tashi su ne ke sa mota ta kama da sanyin safiya, masu nauyin kuma su ne ke ɗauke da yawancin ƙarfin. Inji yana haɗa man da iska, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a bisa nauyi, ya matse haɗin a cikin silinda, sannan fulogi ya kunna shi a daidai lokacin da aka tsara. Duk abin da ya sauya yadda man ke zama tururi, ko lokacin da yake kamawa, ko abin da yake bari bayan ya ƙone, ya taɓa lafiyar injin.

Saboda haka ƙasashe ke da rubutattun ƙa'idoji. Turai na aiki da EN 228, Amurka kuma da ASTM D4814, kuma wasu ƙasashe da dama kan ɗauki ɗaya daga cikinsu su gyara shi daidai da yanayinsu. Ƙa'idojin suna ƙayyade lambar okten, nauyin man, ƙarfin tururinsa, yawan farar wuta, ƙaro, benzin da barasar da za a iya haɗawa. Tun 1998 ƙungiyoyin masu ƙera motoci na Turai, Amurka da Jafan ke fitar da wata takarda ta haɗin gwiwa mai bayyana irin man da injinansu ke buƙata, domin ƙera inji mai tsabta ba ya da amfani idan man da za a zuba masa ba zai ɗauke shi ba.

Lambar okten da bugun inji

Okten ma'auni ne na yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba. An tsara ma'aunin a shekarun 1920 ta hanyar kwatanta mai da sinadarai biyu: aiso-okten da aka ba lamba 100, da hepten da aka ba sifili. Ana auna okten ta gwaji iri biyu, RON da MON, na biyun ya fi tsanani. Yawancin ƙasashe suna rubuta lambar RON a jikin famfo, inda ƙa'idar Turai ta sa 95 a matsayin mafi ƙaranci ga fetur na yau da kullum. Amurka da Kanada suna rubuta matsakaicin RON da MON, don haka 87 ɗinsu ya yi kusa da 91 ko 92 na RON.

Idan okten ya gaza abin da injin ke buƙata, bayan fulogi ya kunna wuta sai ragowar haɗin da ke lungun silinda ya fashe da kansa kafin harshen wutar ya iso shi. Fashewar tana haifar da girgizar matsi mai dukan kan fistin da bangon silinda. Direba kan ji ta a matsayin ƙara siririya, ƙas-ƙas, musamman a hawan tudu ko idan an taka totur da kaya a mota. Bugu kaɗan na ɗan lokaci ba ya kashe inji. Wanda ya daɗe kuwa yana fasa gefen fistin inda ringi ke zama, yana ƙona gasket ɗin kan inji, yana cin biyarin, wani lokaci har ya huda fistin.

Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan bugu ta sanar da kwamfutar inji, ita kuma ta jinkirta kunna fulogi. Hakan na ceton ƙarfe, amma ba kyauta ba: ƙarfin mota ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya ƙara zafi. Kuma jinkirin yana da iyaka. Injin da ke da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, ko mai matsi sosai, yakan kai wannan iyakar da wuri. Akasin haka ma abin lura ne, domin mutane da yawa na ɓarnar kuɗi a kansa: zuba mai mai okten fiye da abin da littafin mota ya nema ba ya ƙara wa injin da ba a ƙera don haka ba wani ƙarfin a-zo-a-gani.

Algus

Abin da aka fi gauraya wa fetur shi ne duk wani ruwa mai kamawa da wuta wanda ya fi shi arha a wurin: kananzir, dizal, nafta ko sinadaran narkar da fenti. Kananzir da dizal sun fi fetur nauyi, suna tafasa a zafi mafi girma, kuma oktensu ƙasa yake ƙwarai. Ba sa gama zama tururi a silinda, don haka ba sa gama ƙonewa. Wani kaso ya zama baƙin toka a kan fulogi da bawul, wani kuma ya wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin man da ke cikin kwano. Daga nan gogayya take ƙaruwa a ko'ina cikin injin, alhali ma'aunin baƙin mai yana nuna a cike yake, wani lokaci ma ya haura layi.

Barasa tata matsalar daban ce. Etanol halastaccen haɗi ne a ƙasashe da yawa, kuma fetur mai kashi 10 cikin 100 na etanol, wato E10, ya dace da yawancin motocin da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan. Etanol ɗin yana ɗaga okten, sai dai ƙarfin da ke cikinsa bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma yana jan danshi. Metanol ya fi shi tsanani: ƙarfinsa kusan rabin na fetur ne, yana cin roba da wasu ƙarafa irin su alminiyam da zinki, shi ya sa ƙa'idar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 3 cikin 100 ba. Idan ya yi yawa, tiyo da robobin famfo su kumbura ko su tsattsage, haɗin mai da iska kuma ya yi ƙarancin mai har inji ya riƙa shaƙewa. A Fabrairun 2022 kamfanin mai na Najeriya, NNPC, ya sanar da cewa an gano metanol fiye da kima a jirage huɗu na fetur da aka yi lodinsu a Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Janye man daga kasuwa ya haddasa dogayen layuka a gidajen mai na makonni, masu motoci da dama kuma suka koka da lalacewar injinansu.

Ruwa, datti da tsufa

Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Yana shiga ta murfin tankin ƙasa da bai rufu ba, ta tsatsa, ko ta raɓar da ke taruwa a tankin da ya daɗe rabinsa iska. A fetur mai etanol, idan ruwan ya kai wani mizani sai barasar ta bar man ta bi ruwan su kwanta tare a ƙasa. Na saman ya rasa okten, na ƙasan kuma ba ya ƙonewa.

Yashi da ɓarɓashin tsatsa suna toshe filta, su wahalar da famfon da ke cikin tanki, wanda man ne ke sanyaya shi. Fetur da ya kwana watanni kuma yakan haɗu da iska ya yi ƙaro mai danƙo, sassansa masu sauƙi su tsere. Wannan ne ke sa motar da aka ajiye ta ƙi tashi.

Farar wuta, dalma da sauran ƙarafa

Farar wuta daga ɗanyen mai take fitowa, kuma cire ta yana buƙatar kayan aiki masu tsada a matata. Idan ta ƙone tana haifar da sinadarai masu tsami da ke saurin tsufar da baƙin mai, tana kuma dakushe matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda aikinta shi ne mayar da iskar guba zuwa marar illa. Tarayyar Turai ta sauke iyakarta zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna yadda 'yan kasuwa ke haɗa mai mai farar wuta da yawa musamman don ƙasashen Afirka masu sassaucin doka, sannan a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan.

Dalma ta daɗe a cikin fetur. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa wani sinadarinta yana hana bugun inji, aka fara sayar da man a 1923. Illarta ga ƙwaƙwalwar yara ita ce babbar hujjar hana ta, amma akwai ta inji ma: tana lulluɓe matatar hayaƙi ta kashe ta har abada, shi ya sa zuwan waɗannan matatu a motocin Amurka na 1975 ya tilasta samar da fetur marar dalma. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma ga motoci, a 2021. Wasu masu haɗa mai sun koma ga sinadaran manganis da na ƙarfe don ɗaga okten da arha. Alamarsu ita ce jan ko ruwan-ƙasan toka a bakin fulogi, kuma masu ƙera motoci sun daɗe suna adawa da su.

Wani lokaci ɗan abu kaɗan ya isa. A farkon 2007 dubban motoci a kudu maso gabashin Ingila sun fara fizga bayan sun sha mai a gidajen man wasu manyan kantuna. Bincike ya gano silikon a cikin fetur ɗin, wanda idan ya ƙone yake barin farin lulluɓi a kan na'urar auna iskar oksijin ta hayaƙi. Da na'urar ta makance, kwamfutar inji ta rasa yadda za ta daidaita mai da iska.

Tsohon inji da sabo

Tsohuwar mota mai kafireto tana haɗiye datti da ɗan ruwa ta ci gaba da tafiya, kuma idan ta toshe, wankewa ce kawai. Amma ba ta da abin da zai kare ta daga ƙarancin okten. Sabuwar mota akasin haka take. Nozul ɗin da ke fesa mai a bakin bawul yana aiki da matsin kusan ba 3 zuwa 4 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), wanda ke fesawa kai-tsaye cikin silinda kuwa yana kai ba 200, wasu har 350, ta ramuka masu ƙanƙantar gaske. Ɗan ƙaro ko ƙura ya isa ya karkatar da feshin, silinda ɗaya ta samu mai fiye da 'yar'uwarta, man da bai ƙone ba ya wuce salansa ya ƙone a cikin matatar hayaƙi har ya narkar da ita. Wannan ne ya sa a 2004 kamfanonin BMW, General Motors, Honda da Toyota suka ɓullo da tsarin Top Tier a Amurka, wanda ke neman a ƙara sinadarin wanke nozul da bawul fiye da abin da doka ta wajabta.

Ganewa da gyara

Alamomin gurɓataccen mai sun yi kama da na wasu matsaloli: wahalar tashi, rawar inji a tsaye, fitilar gargaɗi, baƙin hayaƙi, yawan shan mai. Abin da ke nuna yatsa ga man shi ne lokaci, wato idan matsalar ta fara jim kaɗan bayan shan mai, ko motoci da yawa da suka sha a wuri guda suka kamu tare. Launi ba hujja ba ne, domin rini ake sa wa fetur. Idan an zuba shi a kwalba mai tsabta aka bar shi ya natsu, ruwa da laka za su bayyana a ƙasa, gidajen mai kuma suna da wani man shafawa da ke sauya launi idan sandar awo ta taɓa ruwa. Okten da farar wuta kam sai ɗakin gwaji.

Idan an tabbatar, abu na farko shi ne a kashe inji, kada a yi ta tayar da shi don a ga ko zai washe. A juye tanki, a wanke layukan mai, a sauya filta, a duba fulogi da nozul. Idan ana zargin kananzir ko dizal, a sauya baƙin mai ko da lokacinsa bai yi ba. Ƙara mai mai kyau a kan gurɓatacce yana taimakawa ne kawai idan matsalar ƙarancin okten ce ko ɗan tsufa. Ba ya fitar da ruwan da ya riga ya kwanta. Yawancin garantin masu ƙera motoci bai haɗa da ɓarnar da gurɓataccen mai ya jawo ba, don haka mai neman diyya yana buƙatar rasit ɗin sayen man da samfurin da aka ɗebo daga tankin a cikin mazubi mai tsabta kafin a zubar da sauran.