Ma'anar "shugaban jami'a" a tsarin Amurka

Idan labari ya zo daga Amurka cewa shugaban wata jami'a ya yi murabus, hoton da ke faɗo wa mai sauraro shi ne na babban farfesa wanda ya fi kowa karatu a harabar, yana zaune a ofis yana duba manhaja da sakamakon jarrabawa. Kujerar ba haka take ba. Laƙabin da galibi suke ba shi a can shi ne "president", wanda suke ba shugaban ƙasa da shugaban kamfani, kuma ko makarantar ƙaramar kwaleji ce mai ɗalibai dubu ɗaya, ko babba ce irin Harvard, laƙabin ɗaya ne. Harkar karatu ta yau da kullum, irin su ɗaukar malamai da ƙarin girma da tsara darussa, tana hannun mataimakinsa da ake kira furobos, tare da shugabannin tsangayoyi. Shi kuwa shugaba, fuskarsa waje take kallo.

Kwamitin amintattu ne ke ɗaukarsa aiki, shi ne kuma ke sallamarsa. A jami'o'i masu zaman kansu, yawancin 'yan kwamitin tsofaffin ɗalibai ne da suka yi arziki, da 'yan kasuwa da lauyoyi. A na jihohi galibi gwamna ke naɗa su, kodayake a Jami'ar Michigan jama'ar jiha ne ke zaɓensu da ƙuri'a.

Babban abin da wannan kwamiti ke auna shugaba da shi shi ne kuɗin da ya kawo. Jami'a mai zaman kanta ba ta da kason da take jira daga kasafin gwamnati, sai kuɗin makaranta da tallafin bincike da abin da asusun wakafinta ya haifar. Asusun wakafi tarin kyaututtuka ne da ake zubawa a jari, ba a cinye uwar kuɗin, sai dai a cire kusan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara a yi hidima. Na Harvard ya haura dala biliyan 53 a 2024, amma mafi yawansa ɗaure yake da sharaɗin mai bayarwa. Wanda ya ba da kuɗi don kujerar farfesan ilmin taurari, ba za a ɗauki kuɗinsa a gyara rufin ɗakin kwanan ɗalibai ba. Shi ya sa ko jami'ar da ta fi kowa arziki ba ta ajiye ƙoƙon bara.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1881, lokacin da Booker T. Washington, wani malami baƙar fata, ya isa Tuskegee a jihar Alabama don buɗe makarantar horar da malamai baƙar fata, ya tarar jiha ta ware dala 2,000 ne a shekara don albashi kawai. Ba fili, ba gini. Ya fara da ɗalibai 30 a wata tsohuwar rumfa da wani coci, sannan ya shiga jirgin ƙasa zuwa biranen arewacin Amurka, yana bin gidajen attajirai ɗaya bayan ɗaya, wani ya karɓe shi, wani ya rufe masa ƙofa. Shekara da shekaru yana wannan zirga-zirga kafin attajirin nan Andrew Carnegie ya ba makarantar dala 600,000 a 1903. Duk lokacin da na tuna da shi, nakan ji girman wannan aiki, domin roƙon da ya yi ne ya zama azuzuwa ga 'ya'yan mutanen da ba su daɗe da fita daga bauta ba.

Yau roƙon ya zama sana'a mai ma'aikata ɗaruruwa. Akwai ofishi guda da aikinsa shi ne sanin wane tsohon ɗalibi ne ya sayar da kamfaninsa bana, me yake ƙauna, wace cuta ce ta ɗauke mahaifiyarsa. Za a yi shekaru ana gayyatarsa taro, ana zagayawa da shi ɗakunan bincike. Amma ranar da za a buɗe baki a nemi dala miliyan ɗari, ba ƙaramin ma'aikaci ake turawa ba. Shugaba ne da kansa zai zauna da shi kan teburin cin abinci, domin mai ba da irin wannan kuɗi yana son ya dubi idon wanda zai riƙe masa amana. Gidauniyar ma tana da tsarinta: ana fara tarawa a asirce, sai an samu kaso mai tsoka a fito a yi shela. Da Drew Gilpin Faust, mace ta farko da ta shugabanci Harvard, ta ƙaddamar da tata a 2013 da burin dala biliyan 6.5, an riga an tara biliyan 2.8 a hannu. An rufe a Yunin 2018 da biliyan 9.6, a watan ne kuma ta sauka.

Daga nan hulɗa da jama'a ke shigowa, domin sunan makaranta shi ne jarin da ake roƙo da shi, kuma bakin shugaba ne bakin makaranta. Ranar 5 ga Disambar 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya kira shugabannin Harvard da Jami'ar Pennsylvania da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT) kan zargin ƙyamar Yahudawa a harabobinsu bayan ɓarkewar yaƙin Gaza. 'Yar majalisa Elise Stefanik ta tambaye su ko kira da a yi wa Yahudawa kisan ƙare dangi ya saɓa wa dokokin makarantunsu. Suka ba da amsa irin ta lauyoyi, cewa ya danganta da yanayin da aka yi maganar. Bidiyon 'yan mintocin nan ya zagaye intanet. Wani attajiri, Ross Stevens, ya yi barazanar janye kyautar dala miliyan 100 daga Pennsylvania, kuma ranar 9 ga watan shugabarta Liz Magill ta ajiye aiki. Claudine Gay ta Harvard, wadda aka haɗa mata da zargin satar rubutu, ta bi bayanta ranar 2 ga Janairun 2024, wata shida kacal da hawanta. Sally Kornbluth ta MIT ta tsira domin amintattunta sun tsaya mata.

Abin da ke damuna a nan shi ne nauyin murya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na raina kuɗin masu kyauta, da shi ɗan talaka ke karatu ba tare da bashi ba. Sai dai idan fushin mutum ɗaya mai dala miliyan 100 ya fi ra'ayin malamai ɗari saurin isa kunnen kwamiti, shugaba zai koyi auna kowace kalma da ma'aunin mai bayarwa, kuma jami'a wuri ne da ya kamata a iya faɗin abin da mai kuɗi ba ya son ji.

Idan kujerar ta zama babu kowa, akan naɗa shugaban riƙon ƙwarya, galibi furobos ko wani shugaban tsangaya, sannan a kafa kwamitin lalube da taimakon kamfanonin da suka ƙware a farautar shugabanni. Ana ɓoye sunayen 'yan takara don kada su ɓata da makarantun da suke aiki, kuma laluben kan ci kusan shekara. A wannan tsakani manyan masu kyauta sukan dakata su ga wa zai hau. Wani lokaci riƙon ƙwaryar kan zama ta dindindin, kamar yadda aka tabbatar da Alan Garber a Harvard a Agustan 2024.

Charles Eliot ya riƙe Harvard shekara 40, daga 1869 zuwa 1909. Binciken Majalisar Ilmi ta Amurka da aka fitar a 2023 ya nuna cewa matsakaicin zaman shugaba a kujerarsa ya sauko zuwa shekara 5.9, daga 8.5 a 2006, alhali babbar gidauniya kan ɗauki shekara bakwai ko fiye daga farawa zuwa rufewa. A Jami'ar Columbia, shugabarta Minouche Shafik ta sauka a Agustan 2024 bayan shekara ɗaya da 'yan makonni, kuma wadda ta yi riƙon ƙwarya bayanta, Katrina Armstrong, ta bar kujerar a Maris ɗin 2025.