Saƙar Hannu a Zariya: Aikinta da Lokacin da Take Ci

Saƙar hannu sana'a ce ta mayar da auduga tufa ba da inji ba. A ƙasar Zazzau, inda auduga ke yi sosai, da ita ake samun gwado da luru na rufa, da zane, da majanyin goyo.

Kafin zare ya isa hannun masaƙi an riga an sha rabin wahalar, ko ma fiye. Wannan ɓangaren na mata ne. Su ke gurzar auduga a kan magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta har ta yi laushi, sannan su zauna kaɗi da mazari, suna dangwalar alli a yatsu don kada zaren ya riƙa zamewa. Abawa mai kauri, wadda ake gwado da ita, tana saurin taruwa. Siririn zare kuwa sai a yi makonni ana tara shi, tunda kaɗi aikin bayan daka da girki ne. Masaƙi ɗaya kan cinye zaren mata da yawa, amma in ana yabon gwado ba a cika tuna makaɗiya ba. In ana son launi, sai zaren ya je marina a tsoma shi cikin baba.

Masaƙi yakan fara da wadari, wato miƙe zaren da za a saƙa a jera shi, ya zura zare ɗaya-ɗaya cikin allera, wadda ke ɗaga zaren tana sauke shi, da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa a kunkuru, wato katakon da ke riƙe zaren daga nesa, ya aza masa dutse. Daga nan aiki ya yi sauri: ƙafa na takawa, hannu na jefa ƙoshiya mai ɗauke da zare. Sai dai ƙwaryar da ke fitowa, wato tufar da aka saƙa, siririya ce, dole a yanka a harhaɗa da allura. Saƙar mata, wadda ake jinginawa a bango cikin gida, tana ba da tufa mai faɗi, amma a hankali, domin da hannu ake buɗe zaren kowane layi. Da rani aka fi saƙa. Damina ta gona ce.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kamfanin Turawa mai harkar auduga, BCGA, ya kafa injin gurza a garin, aka riƙa kwasar auduga zuwa Ingila. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna. Yadi mai araha da barguna suka cika kasuwa, kaɗi ya ja baya, yawancin masaƙan da suka rage zaren inji suke saye.