Magunan titi a tsibirin Saifurus: ciyarwa kaɗai ba ta isa ba

Ɗalibanmu da ke karatu a Lefkosha, Girne da Magusa sun san yadda maguna suka cika ko'ina: bakin ɗakunan kwana, gindin bola, ƙofar gidan abinci. Da yawa suna zuba musu abinci don neman lada. Madalla da hakan. Amma wanda yake ciyarwa bai kai su an hana su haihuwa ba, yunwar baɗi yake tarawa.

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4. Cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, ta haifi 'ya'ya uku zuwa biyar, kuma tana iya komawa neman muzuru tana kan shayarwa. A shekara sai ta haihu sau biyu ko uku. Inda maguna suka yi cunkoso a kwano ɗaya suna bahaya a wuri ɗaya, cuta takan yaɗu da sauri. A 2023 annobar FIP, wadda wani nau'in korona na maguna ke kawowa, ta kashe dubbai a tsibirin, har gwamnatin Jamhuriyar Saifurus, mai mulkin kudancin tsibirin, ta amince a watan Agusta a ba su maganin korona na mutane. Cutar ba ta kama mutum. Alamunta zazzaɓi, rama, ƙin cin abinci da kumburin ciki.

Kora ko guba ba sa magance komai. Muddin akwai abinci a wurin, na unguwar gaba za su maye gurbi. Abin da ke aiki shi ne a kama, likitan dabbobi ya fiɗiye muzuru, ya cire wa mace mahaifa da ƙwai, a mayar da kowa inda aka ɗauko shi. Kuma a gama da rukuni ɗaya, wato magunan da ke zaune wuri ɗaya, kafin a koma wani. Idan an yi wa biyu a nan, uku a can, sauran za su haifi abin da ya fi wanda aka rage. In kuɗi ya yi kaɗan, a fara da mata.

A saba musu da cin abinci a lokaci ɗaya, wuri ɗaya, na mako guda. A yi magana da likita a tsayar da rana kafin a ɗana tarko, kada a kama mage a rasa inda za a kai ta. Kwana ɗaya kafin kamu a janye abinci, a bar ruwa. A sa kifin sadin ko na tuna can ƙarshen tarkon keji, bayan farantin da take takawa ƙofa ta rufe. Da ta faɗa, a lulluɓe kejin da tawul nan take. In ba haka ba za ta yi ta dukan waya har ta fasa hanci. Kada a bar keji a rana ko cikin mota a rufe. Kada kuma a kama da hannu, domin cizon mage rami ne siriri mai zurfi da ke saurin ruɓa. Wanda aka ciza ya wanke da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Daren da za a wayi gari a yi wa mage tiyata ba a ba ta abinci, don kada ta yi amai cikin maganin barci ya shiga huhu. Likita zai ɗan yanke ƙarshen kunne ɗaya, kamar santimita 1, alamar an gama da ita. Mage mai irin wannan kunne in ta shiga tarko, a sake ta. Bayan aiki jikinta yana sanyi, sai a ajiye kejin a ɗaki mai ɗumi, shiru. Muzuru kwana ɗaya ya ishe shi, mace kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a sake su. Jini mai zuba, ɗinki da ya buɗe, ko dasashi da ya yi fari, a koma wa likita. Mai shayarwa, wadda nonuwanta suka cika, a mayar da ita da wuri, ko a jira 'ya'yan su fara cin abinci a mako 5 zuwa 6 kafin a kama ta.

Kuskuren da ya fi ba mu takaici shi ne na tausayi. Farasitamol guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin famatirin (permethrin) yana sa ta farfaɗiya. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini, madarar shanu kuma gudawa take sa yawancinsu. A zuba abin da za su cinye cikin minti 30, a kwashe saura, a wanke kwano, a canza ruwa kullum, musamman a zafin Yuli da Agusta.

Hutun ƙarshen zango shi ne lokacin da aka fi barin su. Mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kafin ka sayi tikitin gida, ka danƙa rukuninka ga wanda zai zauna, ka bar masa abincin da lambar likita.