Sassaben zamani a Damagaram

Sassaben zamani hanya ce ta raya itatuwan gargajiya a cikin gona ba tare da dashe ba. Manomi yakan bar tsiron da ya fito da kansa daga kututture ko daga ƙwayar iri, ya rage masa rassa, ya tsare shi har ya zama itace. A jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar an fi ganinsa a gundumomin Magariya, Matamaye da Mirya, kuma gawo ne ya fi yawa.

Tarihi

Gawo ya daɗe da daraja a wannan ƙasa. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi sarauta wajen 1851 zuwa 1884, ya hana sare shi, har ya yanke hukuncin kisa ga wanda ya kayar da shi. Da Faransawa suka zo, dokar gandun daji ta 1935 ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, kuma dokar 1974 ba ta sauya hakan ba. Tun da itacen gonarsa na iya jawo masa tara, manomi ya gwammace ya share tsiron tun yana ƙarami. Farin 1973 da na 1984 suka tarar da gonaki a fili, iska na binne shuka da rairayi.

Dashen dogon yaro da itacen turare da aka yi a lokacin yawanci bai kama ba. A Maradi, Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗa raya kututture wajen 1983. A Damagaram kuwa, manoma da kansu suka koma ga tsohuwar al'adarsu tun tsakiyar shekarun 1980. Ana kiyasin filin da ya farfaɗo a jihar ya kai kimanin hekta miliyan 1, a duk Nijar kuma miliyan 5.

Yadda ake yi

Lokacin sharar gona ake zaɓen tsiro mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a datse sauran, a dinga maimaitawa kowace shekara. Ƙwayar gawo takan zo gona cikin takin dabbobi. Abin da ya sa ake son gawo shi ne yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, 'ya'yansa su ciyar da awaki da tumaki. Ana kuma barin kalgo, sabara, aduwa da magarya. Mirya ta yi suna da itatuwan kuka.

Mallaka

Dokar 2020 ta amince manomi shi ke da itacen da ya raya. Saran dare da saɓani da makiyaya kan sassaƙe rassa ba su ƙare ba.